AKWATIN BAYANI A KAN ZANEN AIKI: GIRMANSA DA RUBUTUNSA

An shirya wannan 'yar takarda ne domin masu zane na ofisoshin ayyuka, da 'yan kwangila, da magina da kafintoci da maƙera, da ɗaliban makarantun koyon sana'a, har da akawunan da aka danƙa wa ajiyar zane-zane. Maganar da ke cikinta a kan wani ƙaramin abu ne wanda ba safai a kan kula da shi ba sai ya jawo hasara, watau ɗan akwatin nan da a ke shatawa a gindin ko wane zane, a rubuta sunan aikin da lambarsa a ciki. A nan za mu riƙa kiransa akwatin bayani.

AMFANIN AKWATIN BAYANI

Ko wane aiki da za a kashe wa kuɗin jama'a, ko kwalbati ne, ko gada, ko ɗakin shan magani, ko ajin makaranta, ko tankin ruwa, sai an zana shi a takarda tukuna. Ƙaramin aiki ya kan ci zane biyar ko goma, babba kuwa ya kan ci ɗari ko fiye. Zane-zanen nan sun yi kama da juna ƙwarai, har wanda ya zana su da hannunsa ya kan rikice bayan shekara guda. Abin da ke rarrabe su shi ne akwatin bayani. Matsayinsa ga zane kamar matsayin adireshi ne ga wasiƙa.

A ce injiniya ya zana kwalbati, ya sa rodi mai kaurin milimita 12. Daga baya ya sake lissafi, ya ga manyan motoci za su riƙa bi ta kai, sai ya mai da rodin mai milimita 16, ya fitar da sabon zane. Tsohon zane da sabo ba su da bambanci a ido, sai ɗan harafi ɗaya a cikin akwatin bayani: wancan B, wannan C. In harafin nan bai karantu ba a kwafin da ya isa hannun helma, to, za a zuba kankare a kan rodin da injiniya ya riga ya soke. Sa'an nan ko dai a fasa aikin a sake, kuɗi ya tafi a banza, ko kuwa a bar shi haka, ran nan ya rufta da mota.

Saboda haka abubuwa biyu a ke bukata ga akwatin bayani. Na farko, a same shi nan da nan ba tare da an buɗe takardar duka ba. Na biyu, ya karantu a ko wane kwafi, babba ko ƙarami.

GIRMAN TAKARDUN ZANE

Kafin a gane girman akwati sai an san girman takardu. A dā, lokacin da a ke awo da inci da ƙafa, ofisoshin zane na ƙasar nan suna aiki ne da takardu irin na Ingila. Akwai mai inci 30 da 22, akwai kuma wata babba mai inci 40 da 27, wadda Turawa su ka yi wa laƙabi da sunan giwa. Takardun nan ba su dace da juna ba. In an ƙanƙantar da babba, ba ta zauna daidai a kan ƙarama.

Takardun da a ke aiki da su yanzu daga Jamus su ka samo asali. Wani injiniya mai suna Walter Porstmann ne ya tsara su, aka kafa su ƙa'ida a can cikin 1922. Cikin 1975 Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya, wadda a ke kira ISO, mai mazauni a Janiba, ta ɗauke su a ƙa'idarta mai lamba 216. Nijeriya tana cikin wannan hukuma. Ga girmansu a milimita:

A0: 841 da 1189
A1: 594 da 841
A2: 420 da 594
A3: 297 da 420
A4: 210 da 297

A4 ita ce takardar da kowa ya sani, wadda a ke buga wasiƙun ofis a kai. A0 kuwa filinta murabba'in mita ɗaya ne. Hikimar tsarin ita ce, in ka ninke A0 biyu ka sami A1, in ka ninke A1 ka sami A2, haka har zuwa A4, kuma siffar takardar ba ta sākewa. Ko wace daga ciki tsawonta ya kai faɗinta sau 1.414. Don haka ne zanen da aka yi a kan A1 ya ke shiga A3 cif, ba a yanke kome ba. Wannan sauƙi ne babba, amma a cikinsa haɗarin da za mu ambata a gaba ya ke.

AKWATI BA YA GIRMA DA GIRMAN TAKARDA

Mutum zai zaci babbar takarda sai babban akwati, ƙarama sai ƙarami. Ba haka ba ne. Ƙa'idar ISO mai lamba 7200, wadda aka sabunta cikin 2004, ta sa faɗin akwatin bayani milimita 180, ko a kan A4 ko a kan A0. Ga inda lissafin ya fito. Faɗin A4 milimita 210 ne. Ƙa'ida mai lamba 5457, ta 1999, ta ce a bar filin milimita 20 a gefen hagu, inda za a huda takarda a sa ta cikin fayil, a kuma bar milimita 10 a sauran gefuna uku. In ka ɗebe 20 da 10 daga 210, saura 180. Watau a kan A4, wadda a ke tsai da ita a tsaye, akwatin ya cika gindin takardar daga wannan gefe zuwa wancan. A kan A3 har zuwa A0, waɗanda a ke kwantar da su, akwatin yana zama a kusurwar ƙasa ta hannun dama.

Dalilin haka ba ya wuce ninki. Ba a iya sa A1 cikin fayil a buɗe. Ana ninke ta ne har ta koma girman A4, kuma a kan ninke ta yadda kusurwar ƙasa ta dama za ta kasance a fuska. In faɗin akwatin 180 ne, zai fito duka a wannan fuska, akawu ya ɗaga murfin fayil ya karanta lamba ba tare da ya warware ninki ba. In kuwa ya fi haka faɗi, rabinsa zai shige bayan ninki, watakila ma ninkin ya bi ta tsakiyar lambar, ya cinye ta bayan 'yan watanni. Haka nan in an jibge zane-zane a kwance cikin aljihun kabad, kusurwar dama kawai mutum zai riƙa ɗagawa da yatsa har ya kai ga wanda ya ke nema.

Tsayin akwatin kuwa, ko wane ofishi ya kan tsai da nasa gwargwadon layukan da ya ke bukata. Abin lura shi ne, in an tsai da shi, a bar shi haka a kan dukan takardu, ko wane gurbi a wurinsa, domin idon ma'aikaci ya saba da inda zai duba.

Wasu ofisoshin zanen gine-gine su kan yi nasu akwatin a tsaye, ya bi gefen dama daga sama har ƙasa. Ba laifi, muddin lambar zane da sunansa da harafin gyara suna can ƙasa a kusurwar dama, inda za su fito a fuska bayan ninki.

ABIN DA A KE RUBUTAWA A CIKI

Ƙa'idar 2004 ta wajabta abubuwa takwas:

1. Sunan mai mallakar zanen, watau ma'aikata ko kamfani.
2. Lambar zanen, wadda babu wani zane da ya ke da irinta a wannan ofishi.
3. Ranar da aka fitar da shi.
4. Lambar shafi, domin zane ɗaya ya kan kai shafi da yawa.
5. Sunan zanen.
6. Sunan wanda ya zana.
7. Sunan wanda ya amince da shi.
8. Irin takardar, ko zanen haɗa inji ne, ko na ɓangare ɗaya, ko jerin kaya.

Bayan waɗannan akwai waɗanda ba a wajabta ba amma hankali ya wajabta su, musamman harafin gyara, da jimlar shafuka, da girman takardar asali, da ma'aunin zane. Wajen harafin gyara, an saba tsallake I da O, gama suna kama da 1 da 0. Wajen kwanan wata, ya fi kyau a fara da shekara, sa'an nan wata, sa'an nan rana, kamar 2024-03-04, domin in an rubuta 3/4 mutumin Ingila zai ce uku ga Afrilu, mutumin Amurka ya ce huɗu ga Maris.

Kada a cika akwatin da abin da ba shi da amfani ga mai aiki. Sau da yawa tambarin kamfani ya kan cinye rabin wuri, a matse lambar zane a wani lungu. Tambari ba ya hana a gina abu bisa kuskure, lamba ce ke hanawa. Ita ya kamata a bai wa gurbi mafi girma, a can ƙarshen dama.

GIRMAN HARUFFA

Ƙa'idar rubutun zane, mai lamba 3098, ta jera tsayin haruffa kamar haka a milimita: 1.8, 2.5, 3.5, 5, 7, 10, 14, 20. Tsayin babban harafi a ke aunawa. Mai lura zai ga ko wane ya fi na bayansa da misalin sau 1.4, daidai da yadda takardu su ka fi juna. An yi haka da gangan ne. In aka mai da A2 ta koma A3, harafi mai 5 zai koma 3.5, mai 3.5 ya koma 2.5, duk ba su fita daga jerin ba.

Kaurin layin harafi shi ma yana da ƙa'ida. A irin rubutun da aka fi amfani da shi, kaurin layi kashi ɗaya ne cikin goma na tsayin harafi. Harafi mai 3.5 sai alƙalami mai bakin 0.35, mai 5 sai 0.5, mai 7 sai 0.7. Tazarar da ke tsakanin harafi da harafi kuwa ninki biyu ce ta kaurin layin. In layi ya yi siriri, injin kwafi ba zai kama shi ba. In ya yi kauri, cikin 8 da na 6 da na 9 za su toshe, su zama ɗigo baƙi.

Tsohuwar ƙa'idar Ingila mai lamba BS 308, wadda aka daɗe ana koyar da zane da ita a makarantun ƙasar nan kafin BS 8888 ta maye gurbinta cikin 2000, ta sa iyakar da ba a sauka ƙasa da ita. Lambar zane milimita 7 a kan A0 har zuwa A3, milimita 5 a kan A4. Alƙaluman awo da sauran bayanai milimita 3.5 a kan A0, milimita 2.5 a kan sauran. Wannan iyaka ce ta ƙasa, an yarda a wuce ta. A yi rubutu da manyan haruffa miƙaƙƙu, ba ado, ba lanƙwasa.

ƘANƘANTAR DA ZANE

Tun dā ba a kai zanen asali wurin aiki, kwafi a ke kaiwa. Shuɗin kwafin nan na dā, mai fararen layuka, wanda ya samo asali daga binciken John Herschel na Ingila cikin 1842, girmansa daidai da na asali ya ke fita, domin ɗora takarda a ke yi a kan takarda a shanya a haske. Harafi mai milimita 2.5 yana nan a 2.5. Daga baya aka shiga ɗaukar hoton zane-zane a kan ɗan siririn fim don ajiya, sa'an nan injin kwafi ya zo, sa'an nan kwamfuta. Tun daga nan girman da aka yi zane da shi ya daina zama girman da za a karanta shi da shi.

A yau injin da ke buga A1 ko A0 sai a manyan garuruwa, kuma bugun da tsada. Abin da ɗan kwangila ya fi samu a kusa shi ne injin A3 ko A4. Ga abin da ke faruwa ga haruffa:

Daga A1 zuwa A2, ko wane tsawo ya koma kashi 71 cikin 100.
Daga A1 zuwa A3, ya koma rabi. Harafi mai 7 ya zama 3.5, mai 5 ya zama 2.5, mai 3.5 ya zama 1.75, mai 2.5 ya zama 1.25.
Daga A0 zuwa A3, ko daga A1 zuwa A4, ya koma kashi 35 cikin 100. Harafi mai 7 ya zama 2.5, mai 3.5 ya zama 1.2.
Daga A0 zuwa A4, ya koma rubu'i.

Mai karatu ya ɗauki rula ya dubi tazarar milimita ɗaya, sa'an nan ya tuna da wanda zai karanta harafi mai wannan girma. Ba a ofis mai fanka ya ke ba. Yana tsaye cikin rana, takardar ta sha ƙura da siminti da gumin hannu, an ninke ta a aljihu sau ashirin, watakila kuma magini ne dattijo wanda ya baro tabarau a gida. A irin wannan hali 3 ta kan koma 8, 1 ta koma 7, 5 ta koma 6, B ta koma 8.

To, maganin ba faɗaɗa akwati ba ne, zaɓen haruffa ne tun daga farko. Mai zane ya tambayi kansa a wane girma za a buga zanen nan, ya yi lissafi daga can. In ya san A1 za ta koma A3, kada ya sa harafin da ya kasa 3.5 ko ina a cikin zanen, domin ya fita kusan 1.8, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a jerin ƙa'ida. In ya sa 5, ya fi. Lambar zane da harafin gyara kada su kasa 7. In kuwa ya san A3 kaɗai za a iya bugawa a inda aikin ya ke, gara ya raba zanen a kan A3 biyu ko uku tun farko, da ya cusa kome a A0 guda wadda ba mai iya karanta kwafinta.

MA'AUNI BAYAN ƘANƘANTARWA

Akwai wani tarko kuma. In an rubuta 1:50 a cikin akwati, ma'anarsa milimita ɗaya a takarda tana madadin milimita 50 a ƙasa. Wannan gaskiya ne a kan takardar asali kaɗai. In A1 ta koma A3, ma'aunin ya zama 1:100, amma rubutun akwatin yana nan yana cewa 1:50. Wanda ya ɗora rula ya auna zai sami rabin tsawon gaskiya. In A1 ta koma A2, ma'aunin ya zama kamar 1:71, wanda babu shi a kan ko wace rula.

Saboda haka a riƙa rubuta ma'auni tare da girman takarda, misali "1:50 a kan A1". A kuma zana ɗan sandan awo mai rabe-raben mita kusa da akwatin, gama shi yana ƙanƙancewa tare da zanen, ba ya yin ƙarya. Mai aiki kuwa ya bi alƙaluman awo da aka rubuta, kada ya auna da rula a kan kwafi. In wani awo ya ɓace, a tambayi injiniya.

KURAKURAN MASU ZANE DA KWAMFUTA

Lokacin da a ke zane da hannu, bakin alƙalami da farantin haruffa su ke tsare mai zane, ba ya iya rubutun da ya kasa bakin alƙalaminsa. Kwamfuta ba ta da wannan birki. A kan allonta ana iya kusanto da ko wane rubutu har ya cika ido, don haka mai zane ba ya ganin ƙanƙantar abin da ya rubuta sai an buga.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi akwati ɗaya, sa'an nan a riƙa hura shi ko matse shi tare da takarda. Akwatin A4 da aka hura zuwa A0 faɗinsa zai kai milimita 720, ya ci wurin zane, ya kuma karye a ninki. Akwatin A1 da aka matse zuwa A3 zai koma milimita 90, da haruffa rabin girmansu, in an sake ƙanƙantar da wannan kuma sai a rasa kome. Daidai shi ne a yi wa ko wane girman takarda nasa shatin, a ɗora akwati mai 180 a kan ko wanne ba tare da an taɓa girmansa ba.

A guji kuma rubutu mai launin rawaya ko toka-toka, domin a bugun baƙi da fari ya kan dushe. Wanda ya ɗauki hoton zane da wayar hannu zai aika wa helma, ya tabbata akwatin bayani ya shiga hoton kuma ya karantu. Zanen da ba a san lambarsa da harafin gyaransa ba, bai halatta a yi aiki da shi ba.

A lura da zane-zanen da ke zuwa tare da injuna daga Amurka. Takardunsu da inci a ke auna su: 8.5 da 11, 11 da 17, 17 da 22, 22 da 34, 34 da 44. Siffarsu ba ta yi daidai da ta A4 da 'yan'uwanta ba, don haka in an buga su a kan takardunmu injin ya kan ƙara matse su, ko ya yanke gefe. Gefen da ya ke yankewa kuwa sau da yawa shi ne na dama ko na ƙasa, inda akwatin ya ke.

ABIN DA A KE ROƘON KOWA YA YI

Mai zane: kafin ka miƙa zane, buga shi a girman da za a kai wurin aiki, ka riƙe shi iyakar miƙewar hannunka. In ba ka karanta lamba da harafin gyara ba, gyara kafin ya fita.

Injiniya: kada ka sa hannu a kan zanen da akwatinsa bai cika ba. In ka yi gyara, sāke harafi da kwanan wata, ka kuma sa a karɓo tsofaffin kwafi daga wurin aiki.

Akawu: ninke zane da akwatinsa a fuska, ka huda a filin milimita 20 na hagu kaɗai, ka rubuta lamba da harafin ko wane kwafi da ya fita cikin littafin ofis, da sunan wanda ya karɓa.

Ɗan kwangila da helma: ko wace safiya kafin a fara aiki, a duba akwatin bayani, a gwada harafinsa da na ofis. In rubutun bai fito ba, a nemi wani kwafi. Kuɗin buga takarda ɗaya bai kai kuɗin buhun siminti ba, balle na fasa gini a sake.

Wanda ke neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ofishin ayyuka na ƙaramar hukumarsa, ko malamin zane na makarantar koyon sana'a mafi kusa da shi.